Ɗaga Ƙarfe Da Barcin Samari

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa zagayawa bayan ɗakinmu na kwana da dare, bayan an tashi daga karatun dare, ya riga ya san abin da zan yi magana a kansa. Akwai wani guntun rodi a can gindin darbejiya, an cusa kowane bakinsa cikin babban gwangwanin da aka cika da siminti. Akwai kuma bulo huɗu, da wani benci mai karyayyar ƙafa da aka tallafe da dutse. Nan ne ma'aikatar ƙarfinmu. Da zarar an kaɗa ƙararrawa, sai ka ga samari sun tuɓe riguna sun yi layi, wannan ya ɗaga yana nishi, wancan yana ƙirga masa, sauran suna zuga shi kamar ana kokawar kaka. Ni ma ina cikinsu, ba zan ɓoye ba. Na shekara biyu ina wannan sha'ani, kuma abin da ya same ni a ciki shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Dalilin shigata ba wani abin alfahari ba ne. Lokacin da na zo makaranta daga ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa, siriri ne ni kamar kara, har ana yi mini ba'a wai in aka yi iskar bazara sai an ɗaure ni da turke. Sai na ga wani abokina ɗan Babura, wanda ƙirjinsa ya buɗe, damatsansa suka murɗe, ba mai yi masa wargi ko a layin abinci. Na ce wa raina, lalle ni ma sai na zama haka. Na fara da bulo ɗaya, na koma biyu, daga nan na kama rodin nan. Cikin 'yan watanni kuwa na ga canji, har rigata ta makaranta ta fara matse ni a kafaɗa.

Amma fa akwai wani canjin da ban lura da shi da wuri ba. In na gama ɗagawa wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura, na watsa ruwa na kwanta, sai idona ya ƙeƙashe. Jiki a gajiye yake liƙis, amma zuciya sai bugawa take yi kamar ana kaɗa kalangu, shimfiɗa ta yi zafi, in juya nan in juya can har sha biyu ta gota. Ƙarfe biyar kuwa ba fashi, an tashe mu. Sakamakon haka sai na zama sarkin gyangyaɗi a aji. Ranar da abin ya kai maƙura, malaminmu na lissafi ya tashe ni in warware wata tambaya a allo, na miƙe ban ma san shafin da ake ba. Aji ya fashe da dariya. A jarrabawar ƙarshen wannan zango na faɗo daga na shida na koma na ashirin da ɗaya. Da na kai wa mahaifina takardar sakamako, bai yi faɗa ba, sai dai ya dube ni ya ce, "To, ƙato, buhu nawa muka sayar domin ka je ka koyo dako?" Wannan magana ta fi mini bulala zafi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gida ban san rashin barci ba. Da damina, in mun wuni muna huɗa ni da yayyena, ko mun je gayya, ana idar da sallar lisha nake miƙewa a tabarma, ko tsawa aka yi ban sani ba sai asuba. Aikin gona kuwa ya fi ɗaga rodi wuya nesa ba kusa ba. To, me ya sa wancan aiki yake kawo barci mai daɗi, wannan kuwa yake kore shi? Wannan tambaya ce ta kai ni wurin malaminmu na kimiyyar halittu, shi kuma ya haɗa ni da littattafai da wasu takardu. Ga abin da na fahimta, gwargwadon ƙaramin sanina.

Da farko sai mu san barci ba mutuwar wucin gadi ba ce kawai kamar yadda muke zato, aiki ne jiki yake yi, kuma hawa-hawa ne. A shekarar 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Chicago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka lura cewa akwai lokacin da idanun mai barci suke yawo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma in aka tashe shi a lokacin, galibi sai ya ce mafarki yake yi. Daga nan aka gane cewa mai barci yakan fara da mara nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, sa'an nan ya shiga na mafarki, ya sake komawa farko. Kowane zagaye yana cin kamar minti 90, kuma a dare ɗaya akan yi huɗu zuwa shida. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuwa ya fi yawa in asuba ta gabato.

Wannan barci mai nauyi shi ne ya shafe mu, mu masu son tsoka. A 1968 wani likita ɗan Japan mai suna Takahashi, tare da abokan aikinsa a Amurka, suka riƙa ɗibar jinin mutane suna barci suna aunawa. Sai suka tarar sinadarin girma, watau wanda yake sa ƙashi ya tsawaita, tsoka ta ginu, yana kwarara cikin jini da yawa jim kaɗan bayan mutum ya yi barci. Da suka jinkirta wa mutum barci, shi ma sinadarin sai ya jinkirta. Ashe ke nan sa'ad da muke nishi a gindin darbejiya ba gina tsoka muke yi ba, wahalar da ita muke yi, muna ba ta dalilin ginuwa. Ginin kansa sai an huta, an ci, an yi barci. Kamar magini ne da ya kwaɓa ƙasa ya aza tubali, tilas ya bar wannan sahu ya sha iska kafin ya ɗora wani, in kuwa ya yi gaggawa, katangar da kanta za ta ba shi amsa. Saboda haka ne masana suke cewa a bar tsokar da aka wahalar ta huta kamar awa 48 kafin a sake komawa kanta. Mu kuwa kullum dare muke yi, har da ran Juma'a, kuma kullum ƙirji da damtse, ba ruwanmu da ƙafa ko gadon baya.

Awa nawa ya kamata saurayi ya yi? Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da bayani a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Ku zo mu yi lissafi, tun da yanzu na farka. Wanda zai tashi ƙarfe biyar na asuba, in yana son awa takwas, sai ya zama ya yi barci ƙarfe tara. Ni kuwa da nake kaiwa sha biyu, awa biyar nake samu, watau bashin awa uku kowane dare. Daga Litinin zuwa Juma'a ya zama awa goma sha biyar, kusan barcin dare biyu ke nan cur. Kuma abin da nake yankewa shi ne na ƙarshen dare, wanda yake cikin masu taimakon ƙwaƙwalwa ta adana abin da aka koya da rana. Ina mamakin na ashirin da ɗaya?

Akwai kuma wani abin da ya ƙara dagula mana lissafi, wanda ba laifinmu ba ne. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, shi ne yake fitar da sinadarin da ake kira melatonin in duhu ya yi, wannan sinadari kuwa shi ne yake shaida wa jiki cewa dare ya yi. Wata masaniya a Jami'ar Brown ta Amurka, Mary Carskadon, ta nuna tun wajen 1993 cewa in yaro ya fara balaga agogon jikinsa yakan ja baya, ya zama barci ba ya zuwa masa da wuri kamar lokacin ƙuruciya. Shi ya sa ƙanenka ɗan shekara bakwai yake bingirewa da tuwo a hannu, kai kuwa a lokacin hira ta fara yi maka daɗi. Haske mai ƙarfi da dare yana ƙara jinkirta wannan sinadari. A hutu, in mutum ya rungumi waya cikin bargo, ko ya tafi gidan kallon ƙwallo inda ake fara wasan zakarun Turai ƙarfe tara na dare da hunturu, ya dawo sha ɗaya ta wuce yana ta musu a hanya, to ya ƙara wa Barno dawaki.

To, yanzu sai mu zo ga ainihin tambaya. Shin ƙarfafa jiki yana gyara barci ko ɓata shi yake yi? Amsar da na samu ita ce, gyarawa yake yi, kuma ba kaɗan ba. Tun da mutum ya farka da safe akwai wani sinadari mai suna adenosin da yake taruwa a ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kamar yadda toka take taruwa a murhu gwargwadon itacen da aka ƙona. Yawansa shi ne nauyin idon da muke ji da dare, barci kuma shi yake kwashe shi. Masana suna ganin aikin ƙarfi yana ƙara wannan matsin, har ila yau yana rage damuwa da saƙe-saƙen zuci, waɗanda su ne manyan ɓarayin barcin ɗalibi in jarrabawa ta matso.

An kuma gwada abin, ba zato ba ne. A Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka an ɗauki manya 386 aka raba su kashi huɗu, aka bi su shekara guda. Kashi ɗaya suna ɗaga nauyi, kashi ɗaya suna gudu ko tuƙa keke, kashi ɗaya suna haɗa biyun, na huɗu kuwa ba a sa su komai ba. Da aka bayyana sakamako a 2022, cikin waɗanda a da ba su samun awa bakwai, masu ɗaga nauyi barcinsu ya ƙaru da kamar minti 40, masu gudu da keke kuwa da kamar minti 23. Sai dai ku lura, waɗannan manya ne, kuma yawancin gwaje-gwajen ɗaga nauyi a kan manya aka yi su. Wanda aka yi da tsaranmu, na ƙasar Suwizalan ne a 2012, inda aka sa samari da 'yammata gudun minti 30 kowace safiya ta ranar makaranta har mako uku. Sai aka ga barci yana ɗaukarsu da wuri, barcinsu mai nauyi ya ƙaru, suka kuma ce hankalinsu ya fi tsayawa da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce duk mai shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki kamar awa guda kowace rana, kuma aƙalla kwana uku a mako ya haɗa da abin da yake ƙarfafa tsoka da ƙashi. Ba ta ware mata ba. 'Yan'uwanmu mata da suke yi mana dariya su sani, wadda ta surfa gero kwano uku ta kuma jawo guga ashirin a rijiya ta yi abin da da yawa cikinmu ba za su iya ba.

Ashe laifin ba na rodi ba ne, nawa ne, domin lokacin da na zaɓa. Barci ba ya zuwa sai jiki ya huce. Zafin cikin jikin mutum yakan fara sauka da dare, har ya ragu da kusan digiri ɗaya kafin asuba, wannan saukar kuwa tana cikin abin da yake buɗe wa barci ƙofa. Aiki mai tsanani yana yin kishiyar haka. Yana ɗaga zafin jiki, yana sa zuciya gudu, yana sakin adarnalin, watau sinadarin da yake sa ka tsallake katanga in kare ya biyo ka. Duk waɗannan ba su kwanciya nan take don kai ka kwanta. A 2019 wasu masana a birnin Zurich suka tattara gwaje-gwaje 23 a kan motsa jiki da yamma, suka ga ba ya cutar da barci, sai fa mai tsanani wanda aka gama ƙasa da awa guda kafin kwanciya. Ni kuwa tsakanin ajiye rodi da aza kai a matashi bai fi minti goma sha biyar ba. Ga kuma zafin ƙasarmu. A watan Afrilu, sa'ad da rana ta wuni tana dukan duwatsun Roni da Kazaure har zafi ya haura digiri 40, kwanon ɗaki da bango suna nan suna amayar da zafi har tsakar dare. Mutumin da ya ƙara wa jikinsa wuta ya shiga wannan ɗaki, ina shi ina barci?

A nan ne na tuna da kakana, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda ya yi tashen kokawa a zamaninsa, har yakan ce ba kasuwar da bai kai mutum ƙasa ba tsakanin Gwiwa da Roni. Ko gaskiya ne ko cika bakin tsufa, wannan tsakaninsa da tsaransa. Da na ba shi labarin abin da muke yi, sai ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Kai yaro, mu da muke kokawa da mutane ma ba mu yi wannan hauka ba, balle ku masu kokawa da siminti." Ya ce su ƙarfinsu a gona suka same shi, da ɗaukar dami, da haƙar rijiya, duk da rana. Kokawa kuwa sai kaka, in an kai amfani gida, ciki ya cika, jiki ya murmure. Ko da za a yi wasa a dandali da farin wata, ba kullum ba ne, kuma washegari ba mai tashinsu zuwa aji, in rana ta take sai kowa ya nemi inuwa ya yi ƙailula. Ya ce in babban karo ya gabato, uban gidansu har tsare su yake yi kada su fita hirar dare. Ban ce mutanen da sun san melatonin ba, amma dai sun san jiki.

Abokina ɗan Babura shi gwaninsa 'yan kokawar Nijar ne, tun da garinsu yana kusa da iyaka. Can kuwa kokawa ba wasa ba ce, tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa ake karawa domin takobi, kuma sunan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ci takobin sau da yawa, ba ya fita daga bakin abokin nan nawa. Shi ne ya fi kowa ɗagawa a cikinmu, shi ne kuma ya fi kowa ƙarancin barci, domin bayan an watse yakan tsaya ya ƙara. Wata rana da dare ya ɗora wa rodi ƙarin bulo da igiya, ya kwanta a bencin nan, ba kowa a kansa. Hannunsa na hagu ya saki, nauyi ya karkace ya fizge masa kafaɗa. Ya yi mako shida hannu a rataye, kuma a cikinsu aka yi wasannin gidaje da ya shekara yana shiri dominsu. Daga baya na karanta wani bincike da aka buga a 2014, wanda aka yi a kan 'yan wasa 112 na wata makarantar sakandare a Kalifoniya. An ga masu barci ƙasa da awa takwas sun fi sauran jin rauni har ninki 1.7. Dalili a fili yake, mai bashin barci hannunsa ba ya saurin amsa umarni, hankalinsa kuma ba ya auna haɗari daidai. Akasin haka kuma an gani a Jami'ar Stanford a 2011, inda aka sa 'yan ƙwallon kwando su riƙa neman awa goma a shimfiɗa na 'yan makonni, sai gudunsu ya ƙaru, jifarsu cikin raga ta ƙaru da kashi 9 cikin ɗari, alhali ba a ƙara musu horo ba.

Bari in taɓa wata magana da iyayenmu suke yawan faɗi, wai ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta duba wannan batu a bayaninta na 2020, ta ce horon ƙarfi da aka tsara daidai, aka kuma yi shi a gaban wanda ya sani, ba ya tauye girma. Amma tsoron iyaye yana da tushe. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, daga nan ƙashi yake tsawo, kuma bai gama ƙwari ba sai an gama girma. Wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa don a tafa masa, ya faɗi ko nauyi ya faɗo masa, yana iya ji wa wannan wuri ciwo. Irin abin da muke yi cikin duhu, ba malami, ba ma'auni, shi ne ainihin abin da likitocin suke gargaɗi a kai.

Saura maganar abin da ake zuba wa ciki, nan kuwa akwai abin takaici. Saurayin da ya kwana bai yi barci ba yakan nemi abin da zai riƙe shi da rana, in yamma ta yi kuma ya nemi abin da zai ba shi ƙarfin ɗagawa. Daga goro sai shayin nan mai kauri na ƙaramar buta, sai lemunan gwangwani da ake cewa na ƙara kuzari. Dukansu akwai kafeyin a ciki, aikinsa kuwa shi ne ya toshe inda adenosin yake zama a ƙwaƙwalwa. Gajiyar tana nan ba ta tafi ba, an dai rufe mata baki ne. Kuma ba ya fita da wuri, yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. A wani gwaji na 2013 an ba mutane kafeyin mai yawa awa shida kafin kwanciya, duk da haka barcinsu ya ragu da fiye da awa guda. Wanda ya sha gwangwani ƙarfe biyar na yamma don ya ɗaga ƙarfe, har sha ɗayan dare yana tare da shi.

Mafi muni su ne ƙwayoyi. Ba na jin akwai wanda ya taso a wannan yanki da bai ji sunan taramol ba, wadda wasu 'yan ga-ruwa da masu dako da 'yan ƙwadago suke sha wai don kada su ji gajiya, har ta fara shiga hannun masu ɗaga ƙarfe. Maganin ciwo ne mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Ba ta ƙara wa tsoka komai, sai dai ta ɓoye zafin da yake gaya maka ka tsaya. Tana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da ita, in aka sha da yawa tana sa farfaɗiya, ranar da aka rasa ta kuwa ba barci sam. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya yi wa samari da 'yammatan Kano da Jigawa, har Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Na san wani a unguwarmu da ya fi ni ƙarfi sau biyu, yau in ka gan shi sai ka kau da kai don tausayi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Abincin da tsoka take so kuwa ba sai an je kanti ba. Wake, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da awara, da ƙwai, da nono a cikin fura, da kifin dam ɗin Kazaure in an samu, duk suna gina jiki. Abin lura kawai shi ne, mai yunwa ba ya barci, wanda ya cika tumbi ya kwanta nan take shi ma haka.

Ga yadda na sake tsarina, ko wani zai amfana. Na je wurin malamin wasanni na faɗa masa gaskiya, ina tsammanin zai kai mu gaban shugaban makaranta. Sai ya ce a ɗauko rodin a kawo filin wasa. Yanzu bayan la'asar muke yi, Litinin da Laraba da Asabar, kamar minti arba'in, yana tsaye. Ya rage mana nauyi ƙwarai, abin da ya ɓata wa wasu rai, ya ce wanda bai iya ɗaga abu sau goma ba tare da ya karkace ba, to abin ba nasa ba ne tukuna. Ya haɗa mana da tsallen kwaɗo, da tsugunno da tashi, da dannawa ƙasa da hannu, da jan jiki sama a reshen mangwaro. Na bar shayi in azahar ta wuce. In an tashi karatun dare sai in watsa ruwa in kwanta, ko ana hira ban tanka ba. Ran da babu aikin yamma nakan yi ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin, ba na wucewa, domin doguwar ƙailula tana cinye barcin dare. Da azumi kuwa na rage komai da rabi, na mai da shi bayan an sha ruwa an ɗan huta, tun da sahur ya riga ya gutsure daren.

Ba zan ce na kai awa takwas kullum ba, tsarin makarantar kwana bai cika bari ba, kuma da za a ji ta bakina da an rage karatun dare da rabin awa, domin rabin awar ƙarshe yawancinmu kifa kai muke yi a kan littafi. Amma cikin mako uku na ga bambanci. Barci yakan ɗauke ni kafin a kashe fitila, na daina farkawa da ciwon kai, na daina gyangyaɗi sai a darasin bayan cin abincin rana, wanda ko malamai na ga suna fama da shi. A zangon da ya wuce na dawo na tara. Wani abin dariya kuma, nauyin da a da nake ɗagawa sau shida da kyar ina ganin taurari, yanzu ina kai shi goma sha biyu, alhali kwana uku nake yi maimakon bakwai.

Abokina ɗan Babura ya warke, ya dawo fili, shi ne ma yake tsaya wa ƙanana in za su ɗaga. Amma har yanzu akwai mutum uku ko huɗu da suka haɗa wani sabon rodi suka ɓoye bayan ɗakin wanki, ina jin nishinsu daga gadona. Shekaranjiya ɗayansu ya yi barci a tsaye a layin taron safe, sai da na kusa da shi ya tare shi.